Aron Yatsa

A bayan kasuwar dabbobi ta Agadas akwai wani ƙaramin masallaci na ƙasa da ba ya ɗaukar fiye da sahu uku. Sauran jama'a a waje suke shimfiɗa, kan rairayi, wani lokaci har bakin hanya. Limamin, Malam Amadou, mutum ne mai ilimi, amma muryarsa siririya ce, ba ta wuce ginshiƙi na biyu. Saboda haka dole sai da mai jiyarwa, wato wanda zai tsaya daidai bayan liman, in liman ya yi kabbara shi kuma ya ɗaga murya ya maimaita, don na waje su ji su bi. Shekara goma sha tara Illiya baduku ne ke wannan aiki.

Matarsa Habsatu ba ta taɓa ganinsa yana yi ba. Ji take yi. Gida biyu ne tsakanin gidansu da masallacin, kuma muryar takan tsallako katanga ta same ta a tsakar gida tana saƙar tabarma. Murya ce mai kauri, ba ta gaggawa. Yakan ja kabbarar ya sauke ƙarshenta a hankali, kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Da kabbararsa ta la'asar take ɗora tukunya. Maƙwabta ma haka.

Shekara uku bayan samun mulkin kai, zamanin shugaba Diori, sanƙarau ya shigo gari da bazara. Illiya ya kwana goma sha biyu a gidan likita, wuyansa a sandare, bai san wanda ke kansa ba. Allah ya yi da sauran kwana. Ranar da ya buɗe ido ya ga Habsatu a durƙushe tana yi masa sannu, sai ya ce, "Me ya sa kike motsa baki ba ki faɗin komai?"

Daga nan ba ta ƙara tambayar kowa ba. Ta gane.

Da ya koma gida sai suka koyi zama. In tana son magana sai ta zagayo gabansa, ta faɗa a hankali yana kallon bakinta, ta cika da hannu. Da hantsi sukan zauna ƙarƙashin rumfa, yana ɗinka takalma, ita tana danne masa fatar, hannunta a kan nasa don kada ta zame. A waje kuwa ya ce wa mutane kunnen dama yana ɗan ji. Habsatu kaɗai ta san ko ganga aka buga a bayansa ba zai waiwayo ba.

Da ƙafafunsa suka yi ƙarfi ya ce zai koma masallaci. Ta riƙe masa hannun riga ta nuna kunnenta.

Ya ce, "Ina da ido. In Malam ya sunkuya ina gani. In ya miƙe ina ganin gwiwarsa. In ya yi sallama ina ganin rawaninsa ya juya. Sujada ce kaɗai ba na ganinsa, goshina yana ƙasa. To shekara goma sha tara ina bayansa, na san tsawon sujadarsa kamar yadda na san tsawon ƙafarki. Tasbihi bakwai ta farko, biyar ta biyu. Ƙirgawa zan yi."

Ya ƙirga kuwa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, bai kuskure ba ko sau ɗaya. Habsatu ta koma ɗora tukunyarta da kabbararsa, sai dai kowace salla zuciyarta tana rataye har sai ta ji sallama.

Lokacin sanyi ayarin gishiri ya dawo daga Kawar. Unguwa ta cika da baƙi da raƙuma da ƙamshin dabino. Wata Talata da la'asar sahu ya kai har bakin rumfunan masu igiya. Habsatu tana tankaɗe ta ji kabbarar shiga salla, ta ji ta ruku'u, ta ji ta sujada, ta ji ta ɗagowa, duk daidai yadda ta saba. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo. Can sai ta ji wata murya daban, mai kaifi, ta yi kabbara. Ba tasa ba ce. Kuma ba ta sake jin tasa ba har aka idar.

Illiya ya shigo gida riƙe da takalmansa a hannu, ƙafa ba komai. Ya wuce ɗaki.

Balki, matar liman, ita ta ba ta labari. Ashe mutanen ayari sun binne ɗan'uwansu a hanya, kusa da Dirkou, suka roƙi Malam ya yi masa addu'a. Malam ya tsawaita sujada. Illiya ya cika bakwai ɗinsa ya yi kabbara, mutanen waje duk suka ɗago suka zauna. Da ya ɗaga kai sai ya ga goshin liman yana ƙasa. Ya koma sujada a ruɗe. Da Malam ya ɗago da gaske kuma bai ji ba, sai Chaibou tela ne ya karɓi jiyarwar daga gefen sahu. Wasu baƙin suka sake sallarsu. Ɗaya ya ce da ƙarfi, "Wa ya ba kurma jiyarwa?" Illiya bai ji ba, amma ya ga bakunan mutane, ya ga idanunsu.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Amma akwai Alkasum mahauci, ɗan ƙanwar uban Illiya, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba. A bakin masallaci, yana neman takalminsa, ya ce, "Yau mun yi salla da limamai biyu, na zaune da na gaggawa." Aka yi dariya. Kafin sati sunan ya bi gari. Har a ƙofar gidan Habsatu takan ji ana cewa gidan Liman Gaggawa.

Illiya bai sake taka masallaci ba. Yakan shimfiɗa buzu a ɗaki ya yi sallarsa shi kaɗai. Abin da ya fi tayar wa Habsatu hankali shi ne muryar. Ya fara magana ƙasa-ƙasa, daga baya ya koma nuni da hannu, kamar bakin ma ya tafi tare da kunnen. Mutumin da ake ji daga kasuwa ya zama sai ta kai kunne kusa da leɓensa. Ta ga in aka yi wata uku a haka zai shiga ɗakin nan ya ƙi fitowa.

Saura kwana tara azumi Balki ta leƙo ta ce, "Habsatu, gara ki ji daga bakina. Malam ya ce ranar Alhamis zai tsayar da Chaibou a gaban jama'a. Ba don ya ƙi mijinki ba. Amma azumi ba ya yiwuwa ba tsayayyen mai jiyarwa."

Washegari da hantsi suna ƙarƙashin rumfa, tana danne masa fata, hannunta a kan nasa. Wani mai karɓar takalmi ya yi sallama daga zaure. Ta ɗauke hannunta don ta ja mayafi, kamar yadda take yi kullum in namiji ya yi sallama. Nan take Illiya, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Wa alaikumus salam, a shigo!" da muryarsa ta da, har kaji suka watse.

Ta tsaya da mayafin a hannu. Wata da watanni yana amsa sallama haka, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta yadda yake yi ba. Ba wanda ya koya masa. Ɗauke hannun ne yake ji. Ta dubi hannunta, ta dubi nasa a shimfiɗe kan fata, yatsu a haɗe, daidai yadda mutum ke aza su in ya yi sujada.

Ko tuwon rana ba ta tsaya yi ba. Ta nufi rumfar mahauta.

Alkasum yana hangota ya ajiye wuƙa. "A'a, matata ta kaina! Kin gaji da kurman nan kin dawo gidan gaskiya? Dama na ce ki jira ni."

"Aro na zo."

"Faɗi. Wuƙa ko faranti?"

"Yatsa."

Ya dubi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Goma ne, duk ina aiki da su. Wanne?"

"Ƙaramin, na dama."

Ta yi masa bayani. Zai tsaya a sahun gaba, hagun Illiya. In an yi sujada zai aza ƙaramin yatsansa a kan na Illiya. In ya ji kabbarar liman sai ya ɗauke. Shi ke nan.

Alkasum ya dafe ƙirji. "Sahun gaba? Ni? Ni da nake sahun ƙarshe kusa da takalma, liman na sallama ina bakin rumfa? Kuma sau nawa a rana?"

"Biyar."

"Har da asuba?"

"Har da asuba."

"Wannan ba aro ba ne, ƙwace ne. Ga Chaibou, ga ɗaliban Malam, duk masu tsabtar hannu. Me ya sa sai ni?"

Habsatu ta ce, "Don in wani ya taɓa masa hannu zai ce tausayi ne, ya fizge. In kai ne zai ce iskancinka ne, ya zage ka, ya bari." Ta gyara mayafi. "Kuma kai ka sa masa suna. Ana faɗa a bakin ƙofata, Alkasum. Shi ba ya ji. Ni nake ji."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗauki tsumma ya yi ta goge hannunsa, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Wallahi wasa na yi."

"Na sani. Shi ya sa na zo wurinka ban je wurin alƙali ba."

"To Malam fa? Kin san ba ya son a ƙara ko tari a cikin salla."

"Malam nawa ne."

Balki ce ta shigar da ita. Ta durƙusa a bayan asabari, Malam Amadou yana ciki da littattafansa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya kira ta da sunan 'yarta ya ce, "Uwar Rabi, na fi ki son ya dawo. Amma salla ba wurin taɓe-taɓe ba ce. Ba a ƙara mata aiki. Kuma mai jiyarwa, abin da ya ji ne yake jiyarwa."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ban yi karatu ba, izu biyu ne nawa. Tambaya ce da ni. In mutum ya ɗago daga sujada, hannunsa yana barin ƙasa ko ba ya bari?"

"Yana bari."

"To me aka ƙara? Hannun da zai ɗaga ne zai ɗaga. Sahu kuma ku kuke cewa a matse, kafaɗa da kafaɗa. In kafaɗa ta taɓa kafaɗa ba laifi, yatsa ne zai zama laifi?"



Ta ci gaba. "Mutanen waje ba su jin ka, Malam. Ba ka ce su koma gida su yi su kaɗai ba. Ka ba su mutum. Shekara goma sha tara uban Rabi ne kunnensu. Yau shi ne ba ya jin ka. Ba a samun wanda zai zama nasa kunnen?"

Ta ji ya rufe littafi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Balki, ashe izu biyu ma suna cizo." Sannan ya ce, "Laraba da la'asar. Sau ɗaya. In an sami kuskure, Alhamis na tsayar da Chaibou, kuma kada ki sake zuwa mini da wannan magana."

Saura mai gayya. Da ta yi wa Illiya bayani da baki da hannu, sai ya juya mata baya. Alkasum ne ya shigo ba sallama, ya zagaya gabansa, ya kama kunnuwan kansa biyu ya karkaɗa su kamar na jaki, ya nuna ɗaki, ya kwaikwayi tsohuwa mai jan ƙafa. Illiya ya harare shi. Alkasum ya miƙa masa ƙaramin yatsa har kusa da hanci.

Illiya ya buge hannun ya ce, "Warin kitse yake yi." Da ƙarfi ya faɗa. Habsatu ta juya fuska don kada su ga idonta.

A tsakar gida suka gwada, kan tabarmar da ta saƙa. Ita ce ke buga ludayi a ƙwarya a madadin kabbarar liman. Sau uku ya yi daidai. A na huɗu, tun ba ta buga ba, sai Illiya ya rangaɗa kabbara.

"Kai, Alkasum! Ban buga ba!"

"Ƙuda ne ya sauka mini a kunne."

"Ko cikin hancinka ya shiga ya yi ƙwai, kada ka motsa!"

"To ki gaya wa mijinki ya riƙa wanka, shi ke jawo su."

Illiya ya ga bakinsa ya gane zagi ne, ya rama da wanda ya fi shi. Suka yi ta yi har inuwa ta juya.

Ranar Laraba ta wanke masa farar rigarsa. Da ya zo fita ya tsaya a zaure, ya daɗe, har ta zaci zai komo. Alkasum ya leƙo daga waje, hannunsa a wanke tas da sabulu, ya ja shi da hannun riga.

Ba ta ɗora tukunya ba. Ta je jikin katangar da ke fuskantar masallaci ta jingina goshinta. Ta ji iƙama. Ta ji kabbarar farko, tasa ce, amma a ɗarare, kamar mai taka ƙasar da bai yarda da ita ba. Ta ji ta ruku'u. Ta ji ta sujada.

Ta fara ƙirgawa ba da niyya ba. Ɗaya, biyu, uku. Ta kai bakwai. Shiru. Takwas, tara, goma. Ta gane Malam da gangan yake yi, gwaji ne. Ta san abin da ke zuciyar mijinta a wannan lokaci, goshi a ƙasa, ba ya gani, ba ya ji, jikinsa duka yana ce masa lokaci ya wuce, an ɗago an bar ka, dariya suke yi. Ba abin da yake da shi sai nauyin yatsan mahauci. Goma sha biyar. Ta tuna ƙuda. Ta ce, ya Allah, ka tsare kunnen Alkasum. Goma sha tara. Ashirin.

Sai muryar ta taso.

Ba ta ɗarare ba wannan karon. Ta tsallako gida biyu ta cika tsakar gidan, ya ja ta, ya sauke ƙarshenta a hankali bai zubar da ko ɗigo ba. Ba wata murya da ta biyo baya don gyara. Habsatu ta zame ta zauna a gindin katanga. A nan ta ji sauran raka'a uku, ɗaya bayan ɗaya, har sallama. A gidan maƙwabta ta ji ana hura wuta.

Da suka dawo Alkasum ne ya fara shigowa yana yarfa hannu. "Matata, kawo ruwa. Ya kusa karya mini yatsa. Wai ni zan danne shi, ashe shi ya maƙale ni kamar kaska." Illiya yana bayansa, takalmansa a ƙafa. Ya dubi murhu ya ce, "Yau ba a cin tuwo a gidan nan?"

Alhamis ta zo Malam bai tsayar da kowa ba. Chaibou da kansa ya ce shi dama maƙogwaronsa ba ya jure sanyin asuba.

Abin bai tsaya kan Illiya ba. Akwai wani tsoho, Nomau, mai kawo kayan lambu daga Dabaga, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya daɗe yana leƙen na gefensa ta ƙarƙashin hammata in an yi sujada. Ya ga abin da ake yi, ya matso kusa da Chaibou ya ce, "Ɗana, ara mini yatsa." Daga baya wasu biyu suka fito, waɗanda aka daɗe ba a gani a jam'i ba, ana zaton ciwon ƙafa ne. Maganar ta zauna a unguwar. Har a filin idi, cikin matan da ke baya, tsohuwa takan ce wa ta kusa da ita a ara mata yatsa, ba wanda zai yi dariya.

Shekara tara suka yi a haka. Alkasum, wanda da ba ya wuce wurin takalma, ya zama ba a iƙama sai an ga shi. Yakan ce kurma ne ya ja shi aljanna da yatsa ɗaya, ba da son ransa ba.

Illiya ya rasu wata Asabar da hantsi, basilla a hannunsa, bayan zazzaɓin kwana uku da bai hana shi zama rumfa ba. Alkasum ne ya yi masa wanka. Ba a jima ba aka kafa amsa-kuwwa a kan masallacin, mai jiyarwa ya zama ba a bukatarsa. Yanzu ana jin liman har bayan kasuwa. Habsatu ba ta ce abin ba shi da kyau. Sai dai tukunyarta takan yi latti, don ba ta saba da wannan muryar ba.

Har yau da hantsi takan zauna ƙarƙashin rumfar, hannunta a kan tabarma, wurin da nasa yake zama. In an yi sallama a zaure sai ta ɗauke hannun. Takan ɗan jira kafin ta amsa da kanta.